Zauren Alƙali a Dandali: Wasan Laifi da Shari'a a Iyakar Gobir

A ƙasashen Turai, musamman Ingila, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na sa-kai, wato waɗanda malaman makaranta da 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis suke kafawa don sha'awa ba don neman abinci ba, sun daɗe da riƙe wani nau'in wasa a matsayin abin da ba ya ba su kunya a gaban jama'a, shi ne wasan binciken kisan kai. Mafi shahara a wannan nau'i shi ne The Mousetrap na marubuciya Agatha Christie, wanda ya samo asali daga wani gajeren wasan rediyo na shekarar 1947, aka fara nuna shi a Landan a watan Nuwamba na 1952, aka kuma ci gaba da nuna shi babu yankewa har zuwa watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe gidajen wasa na wani lokaci. Tsarinsa mai sauƙi ne: mutane takwas ne a wani masaukin baƙi da dusar ƙanƙara ta datse hanyoyinsa, an kashe wata daga cikinsu, kowa yana da abin da yake ɓoyewa, sannan ga ɗan sandan ciki, wanda shi ne na takwas ɗinsu, yana yi musu tambayoyi ɗaya bayan ɗaya har gaskiya ta fito a fitowar ƙarshe. Al'ada ce a gidan da ake nuna shi a roƙi 'yan kallo, bayan an kammala, kada su faɗa wa kowa wanda ya yi kisan, domin dukan armashin wasan ya rataya ne a kan wannan sirri. Abin da ya sa masu sa-kai suke son irinsa a fili yake, tun da ɗaki ɗaya ake buƙata a kan dandamali, 'yan wasa kaɗan ne, kuma ko da wasu daga cikinsu ba su ƙware ba, ɗokin sanin mai laifi yana riƙe mai kallo a kujerarsa.

Ƙasar Gobir ma tana da nata wasan na laifi, wanda shi ma masu sa-kai ne suka raya shi tsawon zamani, sai dai an gina shi a kan wata tambaya daban. A dandalin Hausa 'yan kallo sukan ga ɓarawo da idonsu tun a fitowar farko, su san sunansa da na mai ɗaure masa gindi, saboda haka abin da suke jira ba shi ne a gano shi ba. Abin da suke jira shi ne su ga ko za a iya hukunta shi bayan kowa ya san shi. Wannan bambanci bai zo daga ƙarancin dabarar tsara labari ba, ya zo ne daga tarihin yadda ake zama da yadda ake shari'a a wannan yanki, kuma wanda ya bi sawunsa zai fahimci abubuwa da dama game da garuruwan yankin, wato Sabon Birni da Isa, waɗanda tarihin sarauta da yaƙi kaɗai ba zai nuna masa ba.

Yankin da ake magana a kansa yana kwance ne a kwarin gulbin Rima, inda Gulbin Maraɗi, bayan ya ratsa ƙasar Nijar ta Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, yake dawowa Nijeriya. A nan kufan Alƙalawa yake, birnin da ya zama hedikwatar Gobir a ƙarni na 18, wanda ya kai ƙololuwar ƙarfinsa a zamanin Bawa Jangwarzo, ya kuma faɗa hannun masu jihadi a 1808, shekarar da aka kashe Sarki Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta rinjayi Gobirawa da abokan ƙawancensu, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma, a wajajen shekarun 1860, wani reshe na gidan sarautar ƙarƙashin Ɗan Halima ya rabu da Tsibiri ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa ta bunƙasa ne a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron iyaka na Daular Sakkwato, kuma mai mulkinta yana riƙe da sarautar Sarkin Gobir shi ma. Da Ingila da Faransa suka ja layin iyaka a yarjejeniyoyinsu na 1904 da 1906, sai aka raba dangi ɗaya gida biyu, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingila. Jama'ar da ta ga sarauta ta sauya hannu sau da yawa haka, ta kuma zauna ƙarƙashin masu iko iri-iri a cikin ƙarni ɗaya, ba abin mamaki ba ne ta mai da kwaikwayon masu iko babban abin wasanta.

Masana adabin Hausa sukan fara lissafin wasannin gargajiya da bori, kuma a Gobir yana da matsayi na musamman, domin sarautar Inna, wadda mace daga gidan sarauta take riƙewa, ita ce ke shugabantar masu bori, tana da fadarta da mabiyanta. A wasan bori wanda iska ya hau yakan sa tufafin wannan iska ya ɗauki murya da tafiyarsa, ko Ɗan Galadima ɗan sarki mai almubazzaranci, ko Malam Alhaji dattijo mai tari da carbi. Ya kamata a yi hattara a nan, tun da masu bori ba su ɗauki abin da suke yi a matsayin kwaikwayo ba, kuma malaman jihadi sun yaƙe shi a matsayin saɓa wa addini. Abin da za a iya cewa kawai shi ne ya saba wa idon jama'a da ganin mutum ya shiga rigar wani a tsakiyar da'irar 'yan kallo. Wasannin da suka fi kusa da batun shari'a su ne na samari da na fada. Tashe, wanda yara da matasa suke yi gida-gida daga daren goma ga watan azumi, yana ɗauke da gajerun wasanni masu tsokanar gwauro da mai maganin ƙarya da malamin da ya saki layi. Wasan gauta kuwa matan fada ne suke yin sa, inda ɗaya take shigar sarki, sauran su yi shigar fadawansa, su kwaikwayi zaman fada a gaban sarkin kansa, har su nuna masa abin da babu mai iya faɗa masa baki da baki. Sai kalankuwa, bikin samarin karkara bayan an kawar da amfanin gona, inda ake naɗa sarki da alƙali da dogarai na wasa, a zamanin Turawa ma har da Di'o da likita, a kafa kotu a ci mutane tara a kan laifuffukan da aka ƙirƙira. A Damagaram ana kiran makamancinsa wasan kara, saboda da karan dawa ake ƙera bindigogi da sauran kayan masu mulki, kuma mai shirya fina-finai Inoussa Ousseini ya ɗauke shi a fim a 1980.

A duk waɗannan wasanni akwai mai laifi, akwai mai hukunci, amma babu mai bincike, kuma dalilin haka yana cikin tsarin shari'ar da jama'a suka sani. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan alƙalai suka bi tun zamanin Daular Sakkwato suka kuma ci gaba da binsa ƙarƙashin hukumar En'e, nauyin kawo shaidu yana kan mai ƙara, wanda ya musanta kuma rantsuwa ce a kansa. Alƙali ba ya fita neman alamomi a wurin da aka yi laifi, yana zaune ne a zaurensa, muhutinsa, wato mataimakinsa a harkar shari'a, yana gefe, shaidu suna zuwa suna faɗin abin da suka gani, shi kuma yana auna adalcinsu. Aikin gano ɓarawo na mutanen gari ne: masu bin sawu su bi kofaton sa har inda ya shiga, mai unguwa ya san baƙon da ya kwana a unguwarsa, sarkin pawa ya san dabbar da aka yanka ba a kan ƙa'ida ba, dillalin kasuwa ya gane tambarin da ke jikin raƙumi. Dogarai da 'yan doka, waɗanda su ne 'yan sandan En'e kafin a haɗe su da 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960, aikinsu kamu ne da tsaro, ba warware sirri ba. A garin da kowa ya san kakan kowa, da wuya laifi ya daɗe a ɓoye. Abin da yake da wuya shi ne samun mutum biyu da za su tsaya a gaban alƙali su faɗi abin da gari duka ya sani, idan mai laifin ɗan wani ne ko yaron wani. Masaukin baƙi na Agatha Christie, inda mutane takwas ba su san asalin juna ba, hoto ne na rayuwar da baƙunta ta yi yawa a cikinta, alhali dandalin Gobir hoto ne na rayuwar da sanin juna ya yi yawa har ya zama abin da ke ɗaure harshe.

Fitowar kotu, wadda ta zama ƙashin bayan wasannin makarantu da na ƙungiyoyin samari, tana da siffar da duk wanda ya taɓa zama a irin wannan taro zai gane. Ana share fili a gaban makarantar firamare ko ƙofar uban ƙasa, wato hakimin gunduma a tsarin ƙasar Sakkwato, a rataya fitilar ƙwai, a shimfiɗa buzu a kan benci. Wanda zai fito a alƙali yakan ari babbar riga da rawani a gidansu, ya manna gemun auduga, ya riƙe wani tsohon littafi yana buɗawa ba tare da ya duba ba. An riga an nuna wa 'yan kallo yadda aka kwance ragon wani talaka da dare, an kuma nuna musu yadda maigidan ɓarawon ya aika wa muhuti da ƙwaryar goro da wani abu a ƙarƙashinta, saboda haka da zarar mai shaidar zur ya durƙusa ya fara da "Allah ya gafarta malam", sai fili ya ɗauki hayaniya, mata suna salati, yara suna kiran sunan ɓarawon, wani dattijo daga baya yana gargaɗin alƙali da ya ji tsoron Allah kamar da gaske ake yi. Gwanin ɗan wasa yana amfani da wannan hayaniya, ya juya ya tsawata wa jama'a da sunan ɗan doka, ya mai da su masu sauraron ƙara a cikin wasan. Lokacin da numfashi yake tsayawa shi ne sa'ad da aka ce a kawo abin rantsuwa, domin a nan ne ake ganin ko mai ƙarya zai yi taurin kai ko gwiwarsa za ta sage. Ba a rubuta maganganun ba. An dai amince da jerin fitowa, kowa kuma ya cika nasa gurbi da bakinsa, shi ya sa wasa ɗaya ba ya fita iri ɗaya sau biyu.

Wasan da ake rubutawa a takarda ya shigo ne ta makarantar boko. Rupert East, jami'in ilimi da ya jagoranci hukumar fassara da talifi a Zariya, ya fitar da Six Hausa Plays a shekarun 1930 don amfanin ɗalibai, Malam Aminu Kano kuma ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi a kwalejin Kaduna, waɗanda suke sukar zaluncin masu sarauta da ha'incin kasuwa, kafin aikin koyarwa ya kai shi Bauci, daga baya Maru a lardin Sakkwato. Daga wannan lardi ne Abubakar Tunau ya fito da Wasan Marafa a 1949, mai jan hankalin mutanen karkara ga tsabta da kiwon lafiya. Shu'aibu Maƙarfi ya biyo baya da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960, waɗanda aka fara ji a rediyo kafin a buga su, sannan Mohammed Sada ya fitar da Uwar Gulma a ƙarshen shekarun 1960, wasan da rikicin aure ya kai mutanensa gaban alƙali. Marubutan Hausa sun nuna cewa suna iya ɗauko wasan wata ƙasa idan sun ga dama, tun da Ibrahim Yaro Yahaya ya mai da wani wasan Shakespeare zuwa Daren Sha Biyu a 1971, Ahmed Sabir kuma ya fassara Mutanen Kogo na Taufiƙ al-Hakim na Masar. Duk da haka wasan ɗan sandan ciki bai sami gurbi a cikin littattafan da aka fi karantawa a makarantu ba, kuma ko a cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, inda labaran ɓarayi suke da yawa, gwanintar warware rikici takan kasance ta alƙali ko sarki ko wani mai hikima a fada. Ko a Turai ma akwai reshen wannan nau'i da ya fi kusa da ɗanɗanon Hausa, irin Dial M for Murder na Frederick Knott, na 1952, inda mai kallo yake ganin yadda miji ya ƙulla kashe matarsa tun daga farko, ya zauna yana jiran ranar da asirinsa zai tonu.

Lokacin da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya yawaita makarantu a ƙauyukan arewa, waɗannan littattafai sun isa hannun malamai da yawa, sai dai akwai tazara tsakanin Hausar da aka buga su da ita, wadda aka daidaita a kan karin Kano, da Gobirancin da yara suke magana da shi a gida. Yaron da yake cewa "shina tahiya" ba zai ba mutanen garinsu dariya ko tausayi da "yana tafiya" ba, saboda haka a aikace littafin yakan zama tushen labari kawai, bakin da ake ji a fili kuwa na gida ne. A nan ne hikimar masu sa-kai ta fi bayyana, domin sauya kari yana ba su damar bambanta mutane ba tare da kayan ado ba: baƙon ma'aikaci ya yi Kananci, Bafillace da Buzu su yi Hausarsu, Bayarabe ɗan kasuwa kuma, wanda tsohon wasan barkwanci ya haɗa shi da Bagobiri, ya sha tsokana ya rama.

A ɗaya gefen iyakar, wasan sa-kai ya sami gatan da bai samu a Nijeriya ba. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a watan Afrilu na 1974, gwamnatinsa ta farfaɗo da samariya, wato tsohuwar ƙungiyar samarin gari ƙarƙashin sarkin samari, ta mai da ita hanyar tattara matasa don aikin gayya da wayar da kai, daga 1976 kuma aka fara bikin matasa na ƙasa, wanda ake zagayawa da shi manyan biranen jihohi, inda ƙungiyoyi suke gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo bayan sun tsallake zagayen gundumominsu. 'Yan wasan malaman makaranta ne da teloli da ma'aikatan gwamnati, kuma daga cikinsu ne irin su Yazi Dogo suka yi suna ta rediyo da talabijin na ƙasar. Janet Beik, wadda ta buga littafi a kan wasan Hausa na Nijar a 1987, ta nuna cewa ƙungiyoyin suna gina wasanninsu ne baki da baki a wurin gwaji, ba daga rubutaccen littafi ba. Gwamnatin soja ta so wasannin su isar da saƙonta game da cin hanci da fasa-ƙwauri da barin ƙauye zuwa birni, kuma sun isar, amma fili ɗaya da aka buɗe don a la'anci ɗan sumoga shi ne ya ba da damar a nuna jami'in da yake karɓar rabonsa. Ga mutanen Sabon Birni da Isa, waɗanda suke cin kasuwanni ɗaya da dangin nasu na Tsibiri da Madarunfa suna kuma kama tashoshin rediyon Nijar, wannan ba wasan wata ƙasa ba ne.

Rediyo da talabijin sun ɗauke gwanayen dandali zuwa birane, inda Samanja na Usman Baba Pategi da wasannin Kasimu Yero suka zama abin kallon arewa duka, sannan kaset ɗin bidiyo ya zo ya sauya lissafin gaba ɗaya. Masana'antar fina-finan Kano kanta daga ƙungiyoyin sa-kai ta tsiro, domin ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, kuma a fina-finan da suka biyo baya ne ɗan sandan ciki da lauya mai hular gashi suka fara samun wuri sosai a labarin Hausa, tare da tasirin fina-finan Indiya da na Amurka. Ko a nan ɗin, mai kallo yakan san mugun tun da wuri, fitowar kotu kuma ta ci gaba da zama inda ake sauke nauyin labari. A ƙauyuka gidan kallo mai janareta ya janye matasa daga filin makaranta, daga baya wayar hannu ta janye su daga gidan kallon.

Abin da ya fi raunata wasan dandali a gabashin Sakkwato, duk da haka, ba na'ura ba ce. Wasan yana buƙatar dare da fili da jama'ar da za ta zauna hankali kwance har a tashi, kuma waɗannan ukun su ne hare-haren 'yan bindiga suka ƙwace daga ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa tun daga ƙarshen shekarun 2010. Daga 2019 dubban mutane sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi suna neman mafaka, a watan Mayu na 2020 an kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni a rana ɗaya, a watan Disamba na 2021 kuma an ƙone matafiya a cikin motarsu a wannan yanki. A garuruwa da yawa masu bindiga sun ɗora wa manoma haraji kafin su shiga gonakinsu, kuma kaka, wadda ita ce lokacin kalankuwa, ta zama lokacin biyan wannan kuɗi. A watan Agusta na 2024 aka kashe Sarkin Gobir na yankin Sabon Birni, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi makonni kafin nan, bayan an ga bidiyonsa a ɗaure yana roƙon a cece shi. Jagororin waɗannan gungu ba ɓoyayyu ba ne, ana kiran sunayensu a gidajen rediyo, suna fitar da saƙonni da muryarsu da fuskarsu a Facebook da WhatsApp, mutanen ƙauyuka kuma sun san dazuzzukan da suke zaune da hanyoyin da suke bi zuwa kasuwa.